Strange Horizons

Strange Horizons mujalla ce ta adabi da ake wallafawa a yanar gizo cikin harshen Ingilishi. An kafa ta a Amurka a watan Satumba na shekarar 2000, kuma tana fitowa duk mako, ranar Litinin. Ta ƙware wajen wallafa adabin hasashe, wato ƙagaggun labaran kimiyya da almara da labaran ban tsoro da makamantansu. Bayan gajerun labarai, tana ɗauke da rubutattun waƙoƙi, sharhin littattafai da fina-finai, hirarraki, zane-zane, da maƙaloli, ciki har da waɗanda marubuta ke ba da labarin rayuwarsu. Ana karanta ta kyauta. Editocinta masu aikin sa kai ne, amma tana biyan marubutan da ta karɓi aikinsu. Tana cikin mujallun adabin hasashe na intanet da suka fi daɗewa suna fitowa, kuma a shekarar 2024 ta lashe kyautar Hugo.

Ma'anar adabin hasashe

Adabin hasashe suna ne da ya tattara nau'o'in rubutu da ba su tsaya ga duniya yadda aka san ta ba. Marubucin yakan sauya wani abu daga cikin dokokin rayuwa, sannan ya bi diddigin abin da zai biyo baya. Wani labarin yakan faru a wata duniya ko a zamani mai zuwa. Wani yakan faru a yau, amma da aljanu ko sihiri a cikinsa. Wani kuma yakan ɗauki wani sanannen al'amari na tarihi ya nuna yadda duniya za ta kasance da ya faru ta wata fuska daban.

Ana danganta yaɗuwar wannan suna a Ingilishi da marubucin Amurka Robert A. Heinlein, wanda ya yi amfani da shi a wata maƙala a 1947, yana nufin labaran kimiyya kawai. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa har ta haɗa da almara da labaran ban tsoro. A adabin Hausa, littattafai irin su Gandoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa sun fi kusa da ɓangaren almara, yayin da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya fi kusa da labaran kimiyya. Da faffadar ma'anar nan ce Strange Horizons ke aiki.

Tarihi

Tun daga 1926, lokacin da Hugo Gernsback ya kafa Amazing Stories, mujallun takarda ne babbar kafar gajerun labaran kimiyya a Amurka. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20, manyan da suka rage su ne Analog, da Asimov's Science Fiction, da The Magazine of Fantasy and Science Fiction. Yawan masu sayensu na raguwa, kuma marubuta da yawa ba su ɗauki wallafa a intanet da daraja ba, saboda yawancin shafukan wancan lokaci ba sa biyan kuɗi, ba sa kuma daɗewa.

A wannan yanayi ne Mary Anne Mohanraj ta kafa mujallar tare da wasu abokan aiki. An haifi Mohanraj a birnin Kolombo na ƙasar Siri Lanka a 1971, ta girma a Amurka. Manufarta ita ce samar da mujalla ta kyauta wadda za ta biya marubuta kuɗin da ya kai na ƙwararru, ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda ba a cika ganin aikinsu a tsofaffin mujallu ba, musamman mata da marubutan da ba Turawa ba. A shekarar ce kuma aka buɗe Sci Fiction, wata mujallar intanet da Ellen Datlow ke jagoranta da kuɗin wani gidan talabijin. An rufe Sci Fiction a 2005, amma Strange Horizons, wadda ta dogara da gudummawar masu karatu, ta ci gaba.

Mohanraj ta riƙe muƙamin babbar edita har zuwa 2003. Susan Marie Groppi ta gaje ta daga 2004 zuwa 2010. Daga nan Niall Harrison, ɗan Birtaniya wanda a da shi ke kula da sashen sharhi, ya jagoranci mujallar daga 2010 zuwa 2017. Jane Crowley da Kate Dollarhyde sun yi jagoranci tare daga 2017 zuwa 2019, sai Vanessa Rose Phin daga 2019 zuwa 2021. Tun 2021 Gautam Bhatia, lauya kuma marubuci ɗan Indiya, shi ne edita mai daidaita ayyukan sassa. A yanzu mujallar tana kiran ma'aikatanta da sunan gamayyar editoci, kuma suna zaune a ƙasashe daban-daban.

Tsarin gudanarwa da kuɗi

An yi wa mujallar rajista a Amurka a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Ba ta sayar da fitowarta, ba ta kuma kulle tsofaffin rubuce-rubucenta, don haka mai karatu na iya samun mafi yawan abin da ta wallafa tun 2000 a rumbun shafinta. Kuɗin shigarta na zuwa ne daga gangamin neman gudummawa da take yi sau ɗaya a shekara da kuma tallafin wata-wata daga masu karatu. A lokacin gangamin, takan saki ƙarin labarai da waƙoƙi duk sa'ad da kuɗin da aka tara ya kai wani mataki.

Mafi yawan kuɗin na tafiya ne wajen biyan marubuta da masu zane. A wannan fage ana biyan gajeren labari ne bisa adadin kalmomi. Ƙungiyar marubutan labaran kimiyya da almara ta SFWA ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin da take ɗauka a matsayin na ƙwararru zuwa santi 6 na dala a kan kowace kalma a 2014, sannan zuwa santi 8 a 2019. Strange Horizons ta riƙa bin wannan ma'auni, daga baya ma ta kai santi 10. Wannan na da muhimmanci ga sabon marubuci, domin shekaru da yawa sayar da labari ga mujallar da ke biyan wannan kuɗi na cikin sharuɗɗan shiga ƙungiyar.

Gajerun labarai

Mujallar na karɓar labarai daga kowa, ba sai ta hannun wakili ba, a lokutan da ta buɗe ƙofar turowa. Tana karɓar labari har zuwa kalmomi 10,000, amma ta fi son wanda bai wuce 5,000 ba. Masu karatun farko ne ke tace abin da aka turo kafin ya kai ga manyan editoci. Jed Hartman da Karen Meisner na cikin editocin da suka daɗe a wannan sashe a shekarun farko. A zamaninsu ne aka tara wani jeri da ya shahara a tsakanin masu koyon rubutu, mai suna Stories We've Seen Too Often, wanda ya lissafa irin zubin labaran da aka riƙa turo musu har suka gaji da gani, kamar labarin da a ƙarshe sai a gano duk mafarki ne.

Marubuta da dama da suka yi fice daga baya sun wallafa ayyukansu na farko-farko a nan. A watan Disamba na 2000 aka wallafa The Palm Tree Bandit na Nnedi Okorafor, labarin wata mace da ta karya dokar da ta hana mata hawan bishiyar kwakwar manja. John Scalzi ya wallafa Alien Animal Encounters a 2001. N. K. Jemisin, wadda ta lashe kyautar Hugo ta littafi sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, ta wallafa Cloud Dragon Skies a nan a 2005. Labarin Benjamin Rosenbaum mai suna The House Beyond Your Sky, na 2006, ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Hugo.

Shekarar 2013 ta fito da labarai uku da ake yawan ambato. Selkie Stories Are for Losers na Sofia Samatar ya ɗauko tatsuniyar Sikotland ta matan da ke tuɓe fatar wata dabbar teku su zama mutane, ya yi amfani da ita wajen ba da labarin yarinyar da mahaifiyarta ta tafi ta bar ta. Ya kai zagayen ƙarshe na kyaututtukan Hugo da Nebula. In Joy, Knowing the Abyss Behind na Sarah Pinsker ya lashe kyautar tunawa da Theodore Sturgeon a 2014. Inventory na Carmen Maria Machado, wanda ke ba da labarin yaɗuwar wata annoba ta hanyar jerin mutanen da mai ba da labarin ta yi soyayya da su, ya shiga littafinta Her Body and Other Parties a 2017. Waɗannan labarai uku na nuna irin abin da aka san mujallar da shi: abin al'ajabin yakan koma gefe, hankali ya fi karkata ga iyali da rashi da tuna baya.

Tun 2013 mujallar ke fitar da labaranta da waƙoƙinta a matsayin sauti, domin mai son saurare.

Waƙoƙi

Strange Horizons na wallafa waƙa a kusan kowace fitowa, abin da ba kowace mujallar wannan fage ke yi ba. Waƙar hasashe ita ce wadda ta ɗauki jigo ko siffantawa daga kimiyya, tatsuniya, almara ko tunanin zamani mai zuwa. Mafi yawan waƙoƙin da ake wallafawa ba su da amsa-amo ko tsayayyen kari, sun dogara ne da hoton da kalmomi ke zanawa da kuma yadda aka yanka layuka. Wannan ya bambanta da rubutacciyar waƙar Hausa ta gargajiya, wadda ke tafiya da kari da ƙafiya kuma ana rera ta. Sonya Taaffe da AJ Odasso da Romie Stott na cikin waɗanda suka yi aikin editan waƙa a mujallar.

Babbar kyautar wannan fanni ita ce Rhysling, wadda wata ƙungiyar mawaƙan hasashe ke bayarwa. Masaniyar kimiyyar harshe Suzette Haden Elgin ce ta kafa ƙungiyar a 1978. Ita ce kuma ta ƙirƙiri harshen Láadan, wanda ta yi amfani da shi a littafinta Native Tongue na 1984. Ana ba da kyautar a rukunin gajeriyar waƙa da na doguwa, kuma waƙoƙin Strange Horizons sun sha shiga takararta. A 2025, babban taron duniya na masu sha'awar labaran kimiyya da aka yi a birnin Seattle ya ware rukunin waƙa a kyautar Hugo. Waƙar da ta lashe ita ce A War of Words ta Marie Brennan, wadda Strange Horizons ta wallafa a 2024.

Maƙaloli da labarin rayuwa

Sashen rubutun da ba ƙagagge ba ya ƙunshi maƙalolin nazari, hirarraki, tattaunawar marubuta da dama a kan batu ɗaya, da filaye na dindindin da wasu marubuta ke riƙewa. A wasu daga cikin filayen, marubucin kan ɗauki rayuwarsa a matsayin abin nazari. Eleanor Arnason ta riƙe fili mai suna Me and Science Fiction, inda take haɗa abin da ta gani a shekarun da ta yi tana rubutu da ra'ayinta kan fagen. Rochita Loenen-Ruiz, 'yar Filifin da ke zaune a Holan, ta riƙe fili mai suna Movements, inda ta yi magana kan tasirin mulkin mallaka, da zaman baƙunta, da yin rubutu da harshen da ba na gida ba. Mai sharhi John Clute ya riƙe fili mai suna Scores.

Haɗa labarin rayuwa da dabarun adabin hasashe ya ƙara fitowa fili a littattafan wasu da suka taɓa wallafa labarai a mujallar. In the Dream House na Machado, na 2019, yana ba da labarin cin zarafin da ta fuskanta a wata soyayya, kuma kowane babi ya ari zubin wani nau'in labari daban. A shekarar ce Okorafor ta fitar da Broken Places and Outer Spaces, kan yadda tiyatar ƙashin baya ta sa ƙafafunta suka shanye na wani lokaci, da yadda ta fara rubutu a wannan hali. The White Mosque na Samatar, na 2022, ya haɗa tafiyarta zuwa Uzbekistan da tarihin wasu Kiristoci 'yan ɗariƙar Menonayit da suka yi hijira can a ƙarni na 19, da kuma asalinta na 'yar uba Basomale da uwa Ba'amurkiya.

Sharhi da ƙidayar wakilci

Mujallar na wallafa sharhi sau uku a mako, ranakun Litinin, Laraba da Juma'a. Sharhinta kan yi tsawo, kuma ya fi mayar da hankali ga nazarin littafi fiye da tallata shi. Abigail Nussbaum da marigayiya Maureen Kincaid Speller, wadda ta rasu a 2022, na cikin waɗanda suka jagoranci sashen.

A 2011 Niall Harrison ya fara wata ƙidaya ta shekara-shekara mai suna SF Count, yana koyi da irin wadda ƙungiyar VIDA ke yi wa manyan mujallun adabi. Ƙidayar ta riƙa duba yawan littattafan mata da na maza da mujallun wannan fage suka yi wa sharhi, da kuma jinsin masu sharhin. Daga baya aka ƙara launin fata. Sakamakon ya sha nuna cewa littattafan maza sun fi samun sharhi a yawancin mujallun, kuma Strange Horizons ta riƙa saka kanta cikin waɗanda ake ƙirgawa.

Fassara da fitowa ta musamman

A 2017 aka kafa Samovar, ƙanwar mujallar, wadda aka tsara ta riƙa fitowa sau huɗu a shekara domin wallafa labarai da waƙoƙin hasashe da aka fassara zuwa Ingilishi. Tana buga asalin rubutun tare da fassararsa, tana kuma biyan marubuci da mafassari. Wannan tsari na ba ɗalibin harshe damar kwatanta matanin biyu, ya ga abin da mafassari ya yi da sunayen halittu, karin magana da kalmomin da marubuci ya ƙirƙira.

Mujallar kan kuma keɓe fitowa guda ga wata ƙasa, al'umma ko jigo, ta gayyato editoci daga cikin al'ummar da abin ya shafa. An yi fitowa ta musamman kan marubutan Najeriya da ta Barazil a 2019, ta Meziko a 2020, da ta Falasɗinawa a 2021.

Alaƙa da marubutan Afirka

Marubuci Geoff Ryman ya fara jerin hirarraki mai suna 100 African Writers of SFF a shafin Tor.com a 2016, sannan ya ci gaba da shi a Strange Horizons daga 2017. Ya zagaya birane irin su Nairobi, Cape Town da Legas yana tattaunawa da marubuta, editoci da masu zane. Hirarrakin sun ƙunshi tarihin rayuwar marubutan, makarantun da suka yi, harsunan da suke ji a gida, da wahalar samun mawallafi. Jerin ya lashe kyautar ƙungiyar BSFA ta Birtaniya a rukunin rubutun da ba ƙagagge ba.

Wannan aiki ya zo daidai da lokacin da fagen ke bunƙasa a nahiyar. A 2014 Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa mujallar intanet ta Omenana a Najeriya, sannan a 2017 aka fara ba da kyautar Nommo ga marubutan hasashe na Afirka, a bikin adabi na Ake da aka yi a Abeokuta. Labarin Rat and Finch Are Friends na Innocent Chizaram Ilo, daga Najeriya, wanda Strange Horizons ta wallafa a 2020, ya lashe kyautar Nommo ta gajeren labari a 2021.

Kyaututtuka

Mujallar ta kai zagayen ƙarshe na kyautar Hugo a rukunin shafin intanet a 2002 da 2005. Daga 2013 ta riƙa kaiwa zagayen ƙarshe kowace shekara a rukunin mujallun da ke biyan marubuta amma ba su ne babbar hanyar samun abincin masu gudanar da su ba. Sai a 2024, a taron da aka yi a birnin Glasgow, ta lashe kyautar. Susan Marie Groppi ta samu kyautar World Fantasy ta musamman a 2010 saboda aikinta a mujallar. A 2021 mujallar ta lashe kyautar British Fantasy a rukunin mujallu.

Ƙalubale

Dogaro da aikin sa kai shi ne ƙarfin mujallar, shi ne kuma rauninta. Ya ba ta damar rayuwa da kuɗi kaɗan, amma yana nufin wanda ke da lokaci da wata sana'a ta daban ne kawai zai iya daɗewa a aikin, kuma editoci kan yawan sauyawa. Kasafin kowace shekara ya dogara da abin da gangamin gudummawa ya samar. Haka nan yawan labaran da ake turowa ya ninka abin da za a iya wallafawa sau da yawa, shi ya sa ake rufe ƙofar turowa lokaci zuwa lokaci.

Wata sabuwar matsala ta taso da bayyanar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta labari. A watan Fabrairu na 2023 mujallar Clarkesworld ta dakatar da karɓar labarai na ɗan lokaci, bayan an turo mata ɗaruruwan rubuce-rubucen na'ura cikin wata guda. Matsalar ta shafi duk mujallun da ke karɓar aiki daga kowa. Hanyoyin kare kai, kamar sanya kuɗin turowa ko taƙaita ƙasashen da za a karɓa daga gare su, za su fi cutar da sababbin marubuta daga ƙasashe masu tasowa, waɗanda domin irinsu aka buɗe ƙofar tun farko.

Akwai kuma batun harshe. Duk da fitowa ta musamman da aikin Samovar, Ingilishi ne harshen mujallar, don haka marubucin da ke rubutu da wani harshe sai ya samu mafassari kafin aikinsa ya kai ga masu karatunta.

Duba kuma

Omenana
Nnedi Okorafor
Kyautar Hugo
Kyautar Nommo
Tauraruwa Mai Wutsiya